Damanar da Babanku Ya Koyi Tafiya Cikin Hatsi

Ran sunan ɗan Zali ina kwance a ɗaki, kuna tsakar gida kuna hirar babanku, Allah ya jiƙansa. Kun ɗauka barci nake. Da kunnena na ji Mamman yana cewa ai Inna ta gana wa Baba azaba lokacin ciwonsa, ko ruwan alwala ba ta kai masa ɗaki. Kuka kwashe da dariya, har wata a cikinku tana cewa a yi a hankali kar tsohuwa ta farka. To, tsohuwa idonta biyu. Ban ji haushi ba, don Mamman bai yi mini ƙarya ba. Sai dai rabin maganar kuka riƙe, kuma ba na so in bar duniya sauran rabin yana cikina.

Babanku direban kamiyo ne, wato babbar motar kaya, siminti yake ɗauka daga Malbaza ya kai Tawa, ya kai Yamai. Ku da kuka fi saninsa da sanda ba za ku gane irin mutumin da nake nufi ba. Dogo ne, ga faɗin kafaɗa, ga son a gan shi. In ya diro daga mota ya saɓa tawul a wuya, tafiyar da yake yi zuwa gida kamar shi ya shimfiɗa kwaltar. Ni kuwa ina da rumfata kusa da inda manyan motoci ke layi, ina sayar da shinkafa da wake, kuma ba yabon kai ba, tukunyata ba ta kai azahar. A shekarun da salula ta fara shigowa garin ne, cikin zafin bazara, wata safiya yana shan koko sai ludayin ya suɓuce daga hannunsa. Na buɗe baki zan yi masa tsiya, sai na ga bakinsa ya karkace. Muka kwashe shi sai likita a Ƙonni. Aka ce hawan jini ne, ya taɓa hannun hagu da ƙafar hagu. Ran da za a sallame mu, majo, wato babban mai jinya na ɗakin, ya kira ni gefe.

"Baiwar Allah, ƙwayoyin nan na jini ne. Ƙafa ba ta da magani sai tafiya. In kika bar shi ya kwanta wata shida, ta sandare, ba mai sake tashe ta."

Na riƙe maganar nan gam. Shi ma da farko ya yi ƙoƙari, Allah ya sani. Wata la'asar ya ɗauki sanda ya ce masallaci za shi. Bai wuce teburin mai shayi ba, inda direbobi ke zama, ƙafar ta harɗe ya faɗi rub da ciki. Abokansa suka taso a guje, mutum huɗu suka ɗauko shi cak, kamar buhun siminti, suka shigo da shi har kan gado suna ta sannu. Ba wanda ya yi dariya. Da suka fita ya juya fuska bango ya ce mini da dariyar suka yi da ta fi masa sauƙi. Daga ranar ko ƙofar ɗaki bai ƙara leƙawa ba. Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi kuka, na turo masa liman. A banza. Ina ƙirga watanni a zuciyata, ɗaya, biyu, uku, ina kallon ƙafar tana ƙara siranta.

Da ruwan shuka ya sauka na ce mu koma ƙauyensu, can ƙasar Tajaye, wurin Iya mahaifiyarsa da wansa, Baffanku Illa. Nan take ya yarda, don shi wurin ɓuya yake nema. Ni kuwa ban san abin da zan yi a can ba, na dai san Malbaza ta ƙare mana. Na kwashe tukwanena, kafin sati wata ta kafa nata a rumfar, kuma ban sake samun wurin ba har yau. Wannan bai dame ni ba. Abin da ya dame ni, har gobe, shi ne 'yar fari. Shekarar ta ci jarrabawa, an ba ta kwaleji. Na ce mata damana kawai za mu yi, kafin a koma lakwal, wato makaranta, mun dawo. Ba mu dawo ba. Ni kaɗai ba na iya riƙe babanku in ya tangaɗa, ita ce mai ƙarfin da zan dogara da shi. Ban tambaye ta ba, na yanke kawai. Ke da ban taɓa kiran sunanki ba saboda kunyar fari, ki sani na san abin da na karɓe miki. Ba ki taɓa yi mini gori ba, shi ya sa abin ya fi ci na.

A ƙauye ma kwanciyar ya ci gaba da yi. Iya, 'yar ƙaramar tsohuwa mai kurumtar ganin dama, takan zauna bakin ƙofarsa tana kaɗi, ba ta ce masa tashi ba, ba ta ce masa kwanta ba. Aka yi noman fari, aka yi maimai, hatsi ya tashi. Wata rana bayan azahar na fita ta wata 'yar kafa a dangar bayan gida zan tsinko tafasa. Akwai turba a nan, siririya, wadda mata ke bi zuwa tafki, ta ratsa gonar Baffanku da ta wani maƙwabci, Malam Arzika, da wasu gonaki uku. Ina cikinta sai na ji 'yar fari tana ƙwala mini kira. Muryarta kusa, kamar in miƙa hannu in taɓa ta, amma ta gama waige-waigenta ta koma gida ta ce ba ta gan ni ba. Na tsaya na ɗaga kai. Hatsi ya fi ni tsawo da kamu biyu, dama da hagu, kore shar, sama kaɗai ake gani. Wallahi tafasar da ban tsinko ba ke nan. Na dawo gida cike da murna.

To, Mamman, ga inda azabar taka ta shigo. Na san in na ce masa ya zo ya ga hanya, ba zai zo ba. Amma na san babanku ba ya wasa da salla, kuma ba ya yarda da taimama alhali ga ruwa. Sai na daina kai masa buta bakin gado. Na ajiye ta bakin ƙofa.

"Rabi, miƙo mini butar nan."

"Hannuna da ƙullu, Malam."

"Wane irin ƙullu da azahar?"

"Irin wanda ba ya wankuwa."

Ya zage ni, abin da bai taɓa yi ba. Na shige madafa na toshe baki da zane ina kuka, ina jin sa yana jan jiki yana dafa bango. Kashegari na matsar da butar gindin rumbu. Bayan kwana uku tana bakin turken awaki. Kullum sai ya ce Allah ya isa, kullum kuma sai ya je. Iya tana gani, ta ƙara kurumcewa. Ran da butar ta kai kafar danga, ya gama alwala, ya ɗaga ido ya ga turbar ta shige cikin hatsi. Na ce masa manoma sun tashi tun azahar, mata ba sa zuwa tafki sai la'asar sakaliya, kuma ko raƙumi ya shiga nan ba mai ganinsa. Ya daɗe yana kallo.

"Ba kowa?"

"Daga kai sai Allah sai mu."

Taku goma sha ɗaya ya yi ranar. Na ƙirga su.

Daga nan abin ya zama namu, kullum bayan azahar in ba ruwa ake ba. Mamman a gaba, kana ɗan shekara bakwai, ka ɗauki kanka jandarma, kana leƙen ko wani na tafe. Babanku a tsakiya da sandarsa, ni a hagunsa kafaɗata ƙarƙashin hammatarsa. 'Yar fari a baya da kujerar tsugunno a ka, duk inda ya ce wash ta dire masa. Zali kuwa shekararta uku, ita kaɗai ce tafiyarta ta zo daidai da tasa. Takan kama ɗan yatsansa na hannun da ba ya ji, tana ja, tana ce masa ya yi sauri mana. In da ni na faɗi haka da an yi yaƙi, amma ita sai ya ce to ranki ya daɗe. Turbar tana da kirki, kamar don shi aka yi ta. Farkonta rairayi ne mai laushi, in an faɗi ba a jin ciwo. Ba hawa, ba gangara, sai can gaba. Ganyen hatsi yana shafar fuska, ƙasa tana ƙamshin ruwa, ga wake yana yaɗo yana leƙo hanya, sai mun riƙa ɗage shi da ƙafa don kar ya harɗe shi.

Cikin sati na biyu muka kai wata aduwa mai inuwa. Ya zauna yana haki, ya share gumi, sai na ji ya ce:

"To, fasinja, mun iso Tsarnawa. Mai sauka ya sauka."

Na dube shi. Wata biyar rabona da in ji wasa a bakinsa. Tun daga ranar ya raba wa turbar sunayen garuruwan da yake bi da mota. Wani gawo da ke gaba, wanda ba shi da ko ganye ɗaya don shi da damana yake zubar da nasa, shi ne Ƙonni, wai garin da ba wurin fakewa sai ka biya. Gidan tururuwa mai tudu ya zama Dogon Dutsi. Wani ɗan kwari mai yashi, inda ruwa ke bi in an yi mamako, shi ne Doso. Tafki kuwa, wanda ba mu taɓa kaiwa ba, shi ne Yamai. Ku kuka fi kowa jin daɗin abin. Da safe sai ku tambaye shi yau ina mota za ta kwana. Yana tafe yana nuna muku ciyawa, wannan ƙarangiya ce ku kauce, wannan yaɗiya ce ana ci, wannan sawun kurciya ne, wancan na bushiya. Ni kaina ban san mutumin kwalta ya san daji haka ba. Shekara goma sha biyar da aure, sai a turbar nan na ji labarin yarintarsa. Ran da hatsi ya fara ƙosawa 'yar fari ta karyo mana zangarniya a gonar Baffanku, muka gasa tumu gindin aduwa, ya murje da hannunsa mai lafiya yana zuba wa Zali a baki. Zan faɗa muku gaskiya, duk da ciwo, duk da rashi, ban taɓa jin daɗin aure kamar watannin nan biyu ba.

Kuma duk tsawon lokacin ba mu taɓa gamuwa da kowa ba. Ko akuya. Ni da wautata na ɗauka dabarata ce ta zaɓen lokaci, har ina jin kaina.

Amma hatsi ba ya jiran mai ciwo. Ganye ya fara ja, zangarniya ta sunkuya. Mun kai Doso, ya ma daina jingina da ni sai a cikin yashi, amma saura hawan da ke bayan kwarin. Ina jin maza suna wasa magirbi. Na san ran da aka kwantar da karan nan fili zai buɗe, kuma babanku zai koma gado. Aka fara girbi. Muna jin muryoyi da safe daga nesa, amma in muka fito bayan azahar turbarmu tana nan a rufe. Kwana biyar haka, ina cewa Allah ya sa ba su iso nan ba tukuna. Rana ta shida, mun wuce Ƙonni kaɗan, ya tsaya cak.

"Rabi, hasken nan ya yi yawa."

Ya sa sanda ya buɗa karan. Layi uku ne kawai a tsaye. Bayansu fili fetal har iyakar gani, an girbe, an yanke, an ɗaure dammuna an kwashe. Ya juya ya buɗa ɗaya gefen, haka. Gonaki biyar, kowa ya kwashe amfaninsa ya bar layi uku dama, uku hagu, tun daga dangar Iya har gaba, da zangarniyarsu a kai, tsuntsaye sun yi musu caa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ya juya, ya ƙi kujera, ya ƙi kafaɗata, har gida. Ya tarar da Iya tana kaɗinta.

"Iya, wa ya gaya musu?"

Ranar kunnenta ras.

"Ni ce. Tun ran da matarka ta kai buta bakin danga na bi gida gida. Na ce daga azahar zuwa la'asar turbar nan ta ɗana ce. Mata ta bayan makabarta suke zagayawa da tuluna, wata biyu ke nan."

"Hatsin fa?"

"Wannan ba ni ba ce. Illa ya bar nasa, Arzika ya gani ya bar nasa, sauran suka bi. Ba wanda ya yi shawara da wani."

"Ashe duk gari sun san ina jan ƙafa."

"Sun sani mana. Har sun san ka kai Doso. Yaranka suna da baki."

Ya shige ɗaki ya juya fuska bango. Kwana biyu bai fito ba, butar ma da hannuna na kai masa bakin gado, don na karaya. Na ce shi ke nan, na raba yarinya da lakwal, na bar sana'ata, ga shi mun dawo inda muka faro. A rana ta biyu na zauna bakin gadon, ba faɗa, don faɗan ya ƙare mini. Na ce masa ni ban san komai ba, na rantse. Na ce in ya ga dama ya kwanta har ƙarshen ransa, zan yi jinyarsa, ba zan ƙara ɓoye masa buta ba. Bai juyo ba. Can sai ya ce:

"Arzika 'ya'yansa tara."

"Tara ne."

"Kuma tsuntsu ke cin hatsinsa saboda ni."

Na tashi na bar masa ɗakin.

Kashegari da hantsi, lokacin da gari ya fi cika da mutane, ya ce in ɗauko masa rigarsa mai aiki da hula. Na ɗauka bayan gida za mu, na yi wajen danga. Sai na ga ya nufi ƙofar zaure. Na miƙa kafaɗa, ya ce in bi bayansa kawai. Haka ya ratsa tsakiyar gari, ƙafar tana jan ƙasa tana barin layi, mata a bakin turmi sun saki taɓarya, yara sun tsaya. Duk wanda ya gani shi yake fara gaishe shi, da ƙarfi, da bakin nan nasa da bai gama miƙewa ba. Ya isa gindin bishiyar bedi inda maza ke zama. Suka yunƙura za su tashi, Baffanku ya ɗaga musu hannu suka koma.

"Salamu alaikum. Na zo biko ne. Ku tashi mu je ku kwashe hatsinku."

Malam Arzika ya sunkuyar da kai yana wasa da ƙasa.

"Wane hatsi? Ai wancan bai ƙosa ba, Idi. Mun bar shi ya ƙara kwana biyu."

"Arzika, tare aka yi mana kaciya. Tun muna yara ba ka iya ƙarya ba. Ɗauko magirbinka."

Aka yi dariya, shi ma ya yi. Suka ɗauko kayan aiki, muka ɗunguma bayan gidan Iya, har da matan da suka sha zagaye. A bakin turbar ya ce su shiga gabansa, kar su bari sai ya wuce. Haka aka yi. Maza biyu dama, biyu hagu, suna sara, kara yana kwanciya, shi yana biye a fili, rana a kansa, gari guda yana kallo. Zali tana riƙe da yatsansa. Ya wuce aduwa bai zauna ba. Ya wuce gawo. A yashin kwari ya tsaya ya huta a tsaye, ya dafa sanda da ƙarfi, ya fara hawan da bai taɓa yi ba. Ni ina baya na dunƙule hannuwa cikin zane don kar su kai masa da kansu. Ban san tsawon lokacin da ya ɗauka ba. Na dai ga hularsa ta kai saman tudu, ga tafki shimfiɗe a gabansa, shanu suna sha a ɗaya gaɓar.

Da ya sami numfashi sai ya waiwaya. Yanzu da ba kara, komai a bayyane yake. Ga dangar Iya can, har ana ganin zanen da na shanya da safe. Ga aduwa, ga gawo, ga gidan tururuwa, duk a cure wuri guda. In ka tsaya a tudun ka yi kira, na cikin gida zai amsa. Ya duba, ya sake dubawa.

"Kai! Ashe duk ɗan wannan ne? Wata biyu ina tuƙi, ashe ban bar tasha ba!"

Maza suka fashe da dariya har da masu riƙe ciki. Ni kuwa a nan na durƙushe kan kara, gaban surukaina, gaban wan mijina, na fasa kuka da murya kamar ƙaramar yarinya, na kasa tsayawa. Shekara goma sha ɗaya ya ƙara a duniya bayan wannan, kuma da ƙafarsa ya je kowace salla, amma ni a ranar ban san haka ba, abin da na sani kawai ya hau tudun. Sai na ji sanda tana matsowa, taku ɗaya, ja ɗaya, har ta tsaya kusa da ni. Ya sunkuyo iyakar yadda zai iya, ya rage murya.

"Haba Rabi. A gaban mutane?"

Na ɗago da majina da hawaye na ce masa su kalla, ai ba yau suka fara ba. Ya miƙo mini hannunsa mai lafiya, ya bar sandar ta jingina da cikinsa, shi ya tashe ni.